Ciwon Zuciya ga Mata: Cutar da Muke Kira da Sunan Wata

Darasinmu na wannan fitowa a kan zuciya yake, musamman zuciyar mace.

A garuruwanmu, in aka ce ciwon zuciya, sai tunanin mutane ya tafi ga attajiri mai tumbi ko babban ma'aikacin birni. Ba kasafai ake sa matar manomi cikin wannan lissafi ba. Alhali kuwa cututtukan zuciya da na hanyoyin jini su ne suka fi kowace cuta kashe mata a duniya. Cikin mata 3 da suka rasu, kusan 1 ta wannan hanya take tafiya.

Abin da ya hana mu ganin ciwon shi ne muna ba shi wasu sunaye. Mai jego ta kumbura, sai a ce sanyi ne ya shige ta. Mai ciki tana haki, sai a ce nauyin ciki ne. Tsohuwa ta dafe ƙirji bayan rasuwar ɗanta, sai a ce iska ce, ko a ba ta haƙuri a watse. Kafin a gane ainihin cutar, lokaci ya ƙure. Manufarmu a yau ita ce mu koyi alamomin ciwon zuciya ga mace, domin mu kai ta gidan likita tun da sauran ƙarfinta.

Yadda zuciya take aiki

Zuciya tsoka ce. Girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita ne. Tana cikin ƙirji, tsakanin huhu biyu, ta ɗan karkata hagu. Tana da ɗakuna 4, kuma akwai ƙyamare waɗanda suke buɗewa jini ya wuce, su rufe kada ya komo baya.

Duk wanda ya taɓa noman rani a fadama ya san injin ban ruwa. Inji yana jawo ruwa daga rijiya, ya tura shi cikin kwalbatoci har ya kai kowane fangali. Haka zuciya take yi da jini. Tana tura shi huhu ya ɗauki iska mai kyau, sannan ta tura shi ko'ina cikin jiki. Jinin babban mutum ya kai kimanin lita 5. Zuciyar mai lafiya, in yana hutawa, tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, wato kusan sau 100,000 a kwana guda. Ba ta da ranar hutu.

In inji ya yi rauni, ruwa ba ya isa ƙarshen lambu, sai ya kwanta inda ba a so. In zuciya ta yi rauni, ruwan jiki yakan taru a huhu, mutum ya kasa numfashi. Yakan taru a ƙafafu da ciki, mutum ya kumbura. Mu riƙe wannan misali, domin shi ne mabuɗin darasin duka.

Mace tana da wani nauyi wanda namiji ba ya ɗauka. Lokacin da take da ciki, jinin jikinta yana ƙaruwa da kusan rabin yawansa, don ya ishe ta ya ishi ɗan da ke cikinta. Ke nan kowane ciki ƙarin aiki ne ga zuciya. Macen da ta yi ciki 8 ko 10, zuciyarta ta ɗauki wannan kaya sau 8 ko 10.

Ciwon zuciyar jego

Wannan shi ne ciwon da ya fi shafar mu. Yana kama mace a watan ƙarshe na ciki, ko cikin watanni 5 na farko bayan haihuwa. Sau da yawa macen lafiyarta ƙalau kafin nan. Tsokar zuciya takan saki, ta buɗe kamar tsohuwar salka, ta kasa tura jini yadda ya kamata.

Ana samun ciwon a duk duniya, amma ƙasar Hausa tana cikin wuraren da ya fi yawa. Tsakanin 1969 da 1972, likitoci biyu a asibitin Zariya, Davidson da Parry, sun duba mata fiye da 200 masu wannan ciwo. Sun ƙiyasta cewa a can yana kama kusan mai jego 1 cikin 100. Sun kuma lura ya fi yawa wajen watan Yuli. A 2007 likitocin Sakkwato sun sami adadi kusan irin wannan. A Turai da Amurka kuwa, sai an yi haihuwa dubu ko dubbai kafin a sami mace ɗaya.

A nan Nijar, wani likita mai suna Cénac da abokan aikinsa sun bi diddigin ciwon a Yamai. A 1992 suka bayyana cewa jinin masu ciwon yana da ƙarancin wani sinadari da ake kira seleniyom. Jiki yana samun wannan sinadari daga abinci, kamar nama da kifi da ƙwai da hanta. Daga baya Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya sami irin wannan ƙaranci ga matan can.

Zariya da Sakkwato da Kano ba baƙin wurare ba ne gare mu. Yekuwa tana bakin iyaka. Abincinmu ɗaya da nasu, al'adar jegonmu ɗaya, auratayya kuma ba ta yanke ba. Abin da aka gani ga matansu, dole mu sa ido a kansa ga namu.

Alamomin da za mu lura da su

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. A nan kuwa, a tambayi numfashi da ƙafa. Ga alamomi 6:

1. Haki. Mace ta ɗan taka zuwa bakin rijiya ko bayan gida, sai numfashi ya gagare ta.
2. Kasa kwanciya. In ta miƙe a tabarma sai ta ji kamar an danne ta. Sai ta jingina da bango ko ta tara matasai kafin barci ya ɗauke ta.
3. Farkawa cikin dare tana neman iska, da tari wanda ya fi tsanani in ta kwanta. Wani lokaci kakin yana da kumfa ko ɗan jini.
4. Kumburin ƙafafu, daga baya ya hau ciki da fuska.
5. Bugun zuciya da sauri ko faɗuwar gaba, ko da tana zaune ba ta aikin komai.
6. Kasala mai yawa, har ɗaukar jariri ya zama aiki.

Akwai gwajin da kowa zai iya yi. Ku danna babban yatsa a ƙwaurin mai jego, ku ƙirga daga 1 zuwa 10, ku ɗaga. In wurin ya lotsa kamar an danna tuwo, ya ƙi komawa da sauri, ruwa ne ya taru.

Gaskiya ne mai tsohon ciki takan ɗan kumbura ƙafa, takan kuma gaji. Amma wannan yakan ragu cikin ƴan kwanaki bayan haihuwa. Kumburin da yake ƙaruwa bayan suna, da hakin da yake hana kwanciya, sun wuce gajiyar haihuwa. Macen da ta kasa kwanciya saboda numfashi, a ranar za a kai ta gidan likita. Ba a jiran arba'in, ba a jiran ranar kasuwa.

Wankan jego da kunun kanwa

Dole mu tsaya a nan, domin magana ce ta iyayenmu mata, kuma da kyakkyawar niyya suke yi. Mai jego takan yi wanka da tafasasshen ruwa da ganye safe da yamma har kwana 40. A wasu gidaje takan kwanta a gadon ƙasa da aka hura wuta ƙarƙashinsa. Ana dama mata kunun kanwa don ruwan nono ya zo, kuma don a kori sanyi.

Likitocin Zariya na wancan lokaci sun ɗora laifin ciwon a kan waɗannan al'adu. Dalilinsu shi ne kanwa ƴar'uwar gishiri ce. Sinadarin da ke cikin gishiri mai riƙe ruwa a jiki, yana nan da yawa cikin kanwa. Zafi mai tsanani kuma yana sa zuciya ta ƙara gudu.

Daga baya an ƙara bincike. A 2020 Farfesa Karaye da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon duba mata fiye da 400 daga asibitoci dabam-dabam na Najeriya. Ba su sami hujjar cewa wanka ko kunu su kaɗai ne suke haddasa ciwon ba. Abubuwan da suka fi fitowa fili su ne rama da rashin isasshen abinci, da hawan jini na masu ciki, da rashin sana'a, da rashin karatu. Mu lura da wannan na ƙarshe, mu da muke zuwa aji. Macen da ta iya karanta katin awonta, ta san ranar komawa, ta san adadin ƙwayar da za ta sha, ta riga ta sami garkuwa.

To, mene ne matsayinmu? Ba mu ce a bar kula da mai jego ba. Hutun kwana 40 alheri ne, ƙauri da romo da kunu mai kyau alheri ne. Amma jakin da ya rame, ƙaramin kaya ma yakan durƙusar da shi. Zuciyar da ta riga ta yi rauni, kanwa da zafi ƙarin kaya ne a kanta. Saboda haka:

A surka ruwan wanka ya zama mai ɗumi wanda jiki yake jurewa. In mai jego ta ji jiri ko bugun zuciya wajen wanka, a dakata.

A rage kanwa ƙwarai. Kunun gyaɗa, da kunun tsamiya, da fura da nono mai tsabta, duk suna ƙosar da mai shayarwa.

Macen da ta kumbura, ko take haki, ko aka taɓa ce mata tana da hawan jini, kada a ba ta kanwa ko kaɗan, kada kuma a ɗora ta kan gadon wuta.

Babban kuskure shi ne a ga kumburi a ce sanyi ne, sai a ƙara wuta a ƙara kanwa. Wannan kamar a ga gobara ne a zuba mata kananzir.

Akwai magani

Ciwon zuciyar jego yana da magani. Likita yakan ba da ƙwaya ko allura mai sa fitsari, don ruwan da ya taru ya fita. Cikin ƴan kwanaki numfashi yakan dawo. Akwai kuma wasu magunguna masu sauƙaƙa wa zuciya aiki har ta farfaɗo. In ana bukatar hoton zuciya, likita ne zai tura mara lafiya asibitin gunduma ko babban asibitin Damagaram.

Mata da yawa sukan warke cikin watanni 6 zuwa shekara. Wasu zuciyarsu takan zauna da rauni, su ci gaba da shan magani. Wasu kuma sukan rasu, musamman waɗanda aka kawo a makare. Ga ƙa'idoji 3 ga wadda aka sallama:

Kada ta bar magani don kumburi ya saɓe. Saɓewar kumburi ba ita ce warkewar zuciya ba.

Kada ta sayi ƙwayoyin ciwon jiki a hannun masu talla. Wasunsu suna riƙe ruwa a jiki, su mai da ciwon ɗanye.

Kada ta ɗauki wani ciki sai likita ya duba zuciyar ya yarda. Ciwon yakan dawo a ciki na gaba, kuma yakan fi na farko tsanani in zuciya ba ta gama warkewa ba. Miji da mata su je tare a yi musu bayanin tazarar haihuwa. Manomi ya san gonar da ta gaji hutu take so.

Hawan jini da ciwon maƙogwaro

Akwai wasu hanyoyi biyu da ciwon zuciya yake shigowa a ɓoye.

Ta farko hawan jini ne, wanda wasu suke kira tansiyo. Yakan yi shekaru cikin jiki ba tare da wata alama ba. Awo kaɗai yake nuna shi. In an auna sau da yawa ana samun 140 bisa 90 ko fiye, jini ya hau. Ma'aikatan lafiyarmu sukan faɗe shi a taƙaice, su ce 14 bisa 9. Ga mai ciki, hawan jini yakan zo da ciwon kai mai tsanani, da ganin duhu-duhu ko walƙiya, da kumburin fuska da hannuwa. In ba a tare shi ba, yakan kai ga jijjiga. Macen da ta yi hawan jini a ciki, ta ci gaba da awo bayan haihuwa, domin tana cikin waɗanda ciwon zuciya ya fi kamawa nan gaba.

Ta biyu tun daga ƙuruciya take farawa. Yarinya ta yi ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, ba a yi mata magani ba. Bayan sati 2 ko 3 gaɓoɓinta su kumbura suna ciwo, yau gwiwa, gobe idon sawu. Gaɓoɓi sukan warke, amma cutar takan bar tabo a ƙyamaren zuciya. Ƙyaure ya ƙanƙance ko ya ƙi rufuwa. Yarinya ta girma ba wanda ya sani, sai ran da ta ɗauki cikin fari jini ya ƙaru, sannan haki ya bayyana. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaro mai ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, likita za a kai shi, ba wanzami ba. Wanda cutar ta riga ta taɓa wa zuciya, akwai allurar fenisilin da ake yi masa duk sati 3 ko 4 don kada ta ƙaru.

Haɗiyar zuciya: abin da baƙin ciki yake yi

Tun kaka da kakanni Hausawa suna cewa wance ta haɗiyi zuciya ta mutu. Wasu suna ɗaukar maganar a matsayin zuguguntawa. Ilimin likita ya nuna akwai gaskiya a cikinta.

A 1990 likitocin ƙasar Japan suka bayyana wani ciwo. Mutum yakan sami mummunan labari ko firgita mai tsanani, sai ƙirjinsa ya ɗaure, numfashi ya sarƙe. Da suka ɗauki hoton zuciyar, sai suka ga gindin babban ɗakinta ya buɗe ya daina motsi, wuyansa kuma ya tsuke, kamar tulu. Masuntan Japan suna da wata tukunya mai wannan siffa da suke kama wata dabbar teku da ita, sunanta takotsubo. Da sunan tukunyar ake kiran ciwon har yau. A 2004, bayan girgizar ƙasa a yankin Niigata na Japan, an ga masu ciwon sun ƙaru, yawancinsu tsofaffin mata.

Ga yadda abin yake faruwa. In mutum ya firgita, jiki yakan zubo wani sinadari cikin jini wanda yake sa zuciya gudu, don mutum ya iya tserewa ko ya kare kansa. Duk wanda ya taɓa yin kiciɓis da maciji a gona ya san wannan bugun. In sinadarin ya zubo fiye da kima a lokaci guda, sai ya sumar da tsokar zuciya. Cikin masu wannan ciwo 10, kusan 9 mata ne, kuma yawancinsu waɗanda suka daina jinin al'ada.

Abubuwan da suke tayar da shi duk mun san su: rasuwar miji ko ɗa, gobara, saki na ba-zata, faɗa mai zafi, mummunan labarin ɗan da ya tafi cin rani, ko wata cuta mai tsanani. Labari mai daɗi shi ne yawancin masu ciwon sukan warke cikin wata 1 ko 2. Amma kwanakin farko suna da haɗari, yakan yi kisa. Ido kuma ba ya iya raba shi da toshewar jijiyar zuciya, sai da na'urar likita.

Saboda haka, in ana zaman makoki aka ga uwar mamaci ko matarsa ta dafe ƙirji, tana gumi, tana haki, ko ta suma, a yi mata addu'a a ba ta haƙuri, sannan a nemi abin hawa. Mai takaba ma in ciwo ya kama ta, malamai sun yarda ta fita neman magani, domin lalura ce. Haka nan mai kai labarin rasuwa ga tsohuwa ya bi a hankali. Ya sa ta zauna, ya tabbata akwai wani kusa da ita, kuma kada a bar ta ita kaɗai a kwanakin farko.

Ban da firgita ta rana ɗaya, akwai damuwar yau da gobe. Rumbu ya ƙare tun kafin damina. Maigida ya tafi cin rani, ba aike. Ga rikicin kishi, ga bashi, ga ciwon yara. Irin wannan damuwa tana hana barci, tana taimaka wa hawan jini, tana cin zuciya a hankali kamar yadda gara take cin azara. An san matanmu da haƙuri, kuma haƙuri abin yabo ne. Amma faɗin damuwa ga ƴar'uwa ko aminiya ko malamar aji bai ɓata haƙuri ba. Magidanta kuma mu sani, kyakkyawar magana da adalci a cikin gida suna daga cikin kiwon lafiya.

Mu ƙara da wannan. Toshewar jijiyar zuciya ga namiji ta fi zuwa da ciwon ƙirji mai danna mutum. Mace ma takan ji haka, amma sau da yawa nata yakan zo da wata kama: zafi a saman ciki kamar ƙwannafi, tashin zuciya, ciwon baya ko haɓa ko hannu, gumi mai sanyi, da gajiya marar dalili. Sai a ce gyambon ciki ne, a jiƙa mata kanwa. Dattijuwa mai hawan jini ko ciwon sukari, in irin wannan ya taso mata farat ɗaya, a yi zaton zuciya ce har sai likita ya ce ba ita ba ce.

Me ya sa muke makara?

Dalili na farko kunya ce. Mai haihuwar fari ba ta iya cewa ta kasa, kada a ce raguwa ce. Na biyu jiran izini ne: maigida ba ya gari, ba wanda zai ce a tafi. Na uku kuɗin mota da na magani. Na huɗu damina. Mun ji likitocin Zariya sun ce ciwon jego ya fi yawa wajen Yuli. A wurinmu lokacin noma ne, kowa yana gona, hatsi ya yi ƙaranci, hanyoyi sun ɓaci, shanun amalanke kuma suna bakin aiki.

Duk waɗannan suna da mafita in an shirya tun da wuri. Maigidan da zai yi tafiya ya bar izini a fili gaban mahaifiyarsa da ƙaninsa, cewa in ciwo ya taso a tafi kawai. A lokacin kaka, in an sayar da gyaɗa ko riɗi ko wake, a ware wani abu don haihuwa, kamar yadda ake ware ragon suna. Matan da suke adashi su sa wani kaso na ciwon gaggawa. Kowace unguwa ta san amalanken da zai fita ko da tsakar dare ne. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta sa awon ciki cikin ayyukan da ake yi kyauta a gidajen likita na gwamnati. A je awo tun watannin farko, a kuma koma bayan haihuwa a auna jinin uwa. Ranar rigakafin jariri ma dama ce: uwa ta miƙa nata hannu a auna.

Abin da gonarmu da madafinmu za su yi

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babban mutum zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Cikin wannan lissafi har da dunƙulen magi da kanwar miya. A rage su sannu a hankali, a ƙara daddawa da albasa da tafarnuwa da citta, harshe zai saba.

Ƙarancin jini yana wahalar da zuciya, domin dole ta ƙara gudu kafin jiki ya ƙoshi. Mai ciki da mai jego su ci wake, da gyaɗa, da riɗi, da zogale, da rama, da miyar kuka. Ƙwan kaji da na zabi kada duka su tafi kasuwa, a bar wa uwar gida rabonta. Ta sha ƙwayoyin ƙarin jini da ake bayarwa wajen awo, ta kwana cikin gidan sauro, domin zazzaɓin cizon sauro yana shanye jini. Hayaƙin itace a rufaffen madafi yana cutar huhu da zuciya, don haka a buɗe taga ko a yi girki a sarari. Daka da jan ruwa da ɗaukar itace kuma, a ɗauke wa mai tsohon ciki da mai jego.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Da me muka kwatanta zuciya, kuma me yake faruwa in ta yi rauni?
2. Ku kawo alamomi 4 na ciwon zuciyar jego.
3. Wace mai jego ce bai kamata a ba ta kanwa ba ko kaɗan?
4. Me za mu yi in mace ta dafe ƙirji a wurin makoki?
5. A garinku, wa zai ba da amalanke ko mota in ciwo ya taso cikin dare?

Aikin gida: kowa ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa, ta gefen babban yatsa, ya ƙirga bugun jini na minti ɗaya, ya rubuta adadin a littafinsa. Sannan ya rubuta alamomi 6 da muka lissafa a takarda, ya karanta wa mutanen gidansa, musamman iyayenmu mata masu kula da jego da ungozomar unguwa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sauki masu ciki lafiya, ya ba mu damina mai albarka. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.